Kare Baƙo Ne, Kyanwa 'Yar Gida Ce

Na san akwai masu karatu da za su ce, don Allah dubi wannan mutum, ana fama da tsadar abinci da matsalar tsaro, shi kuwa ya rasa abin da zai cika wa jarida fili da shi sai zancen kare da kyanwa. To, ina roƙon irin waɗannan su ɗan yi haƙuri su bi ni, domin kuwa tsaron nan da abincin nan su ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tsoron ɓarawo shi ke sa magidanci ya nemi kare, tsoron ɓera kuma shi ke sa uwargida ta riƙe kyanwa. Idan kuwa aka yi rashin dabara wajen haɗa su gida ɗaya, sai a wayi gari an yi asarar ɗaya, ba a kuma mori ɗayan ba.

Abin da ya jawo wannan magana a gaban idona ya faru. Wani maƙwabcina, ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin muƙami, ya gama ginin gidansa a bayan garin Daura, can inda sababbin unguwanni suke ta tsirowa, ya tare da iyalinsa. Ba a yi wata biyu ba aka haura masa katanga da dare, aka ɗauke janareta da akuya guda. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ɗauki hanyar Kano, ya komo mana da wani ƙaton kare irin na ƙasashen waje, wanda ya riga ya girma, a kan kuɗin da ya haura albashinsa na wata. Kwana uku da zuwan karen nan ya ritsa kyanwar gidan a gindin famfo ya karya mata wuya, kyanwar da uwargidansa ta zo da ita daga tsohon gidansu, ta shekara shida tana gadin sito. Kafin damina ta faɗi ɓeraye sun huda buhunan gero da na waken da ya saya da kaka don ya rage wa kansa tsadar bazara. Uwargida ta sayo shinkafar ɓera ta barbaɗa, kaji biyu suka tsince ta suka mutu, aka kuma yi sa'a ƙaramin yaron gidan bai kai hannu ba. Shi kuwa karen, da aka ga ba ya sauraron kowa sai maigida, sai aka ɗaure shi da sarƙa a tsakar gida kusa da famfon, ya zama mata ba su iya ɗiban ruwa cikin kwanciyar hankali sai maigida ya taso daga ofis.

Mutanen Daura ba su raina abin barkwanci. Nan da nan aka sa wa karen suna Sarki, watau sunan macijin nan na rijiyar Kusugu wanda labarin kafuwar garinmu ya ce ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Jumma'a, har Bayajida ya zo ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya je ya kashe shi. Masu tsokana suka riƙa tambayar maƙwabcin nawa yaushe ne Bayajidan gidansa zai iso. An yi dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ne ya yi irin wannan kuskure ba, kuma ba shi ne na ƙarshe ba.

Ban ga laifin wanda ya ji tsoro ya nemi kariya ba. Ko da yake ƙasar Daura ta fi wasu sassan Jihar Katsina samun sauƙin ta'asar 'yan bindiga, babu wanda ya manta da ranar 1 ga Mayu, 2019, sa'ad da aka sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Tun daga lokacin kowa ya ƙara tsawon katangarsa. Amma ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya game da iyakar abin da kare zai iya yi. Kare, komai girmansa, ba ya tare harsashi, kuma ɓarawon da ya san aikinsa da ɗan guntun nama mai guba yake zuwa. Amfanin kare a gida ɗaya ne, ya ji motsin da kai ba ka ji ba, ya yi haushi, ka farka, maƙwabta su farka, ɓarawo ya san an gan shi ya kama gabansa. Wannan aiki kuwa ƙaramin kare mai kunne da faɗakarwa yana yin sa sarai. Da zarar magidanci ya gane cewa mai haushi yake bukata, ba dole sai mai kisa ba, to rabin matsalar zaɓe ta kau.

Ita kuwa kyanwa, ko mage, ko kuliya, duk yadda ka saba kiranta, haƙƙinta a gidan Bahaushe ya riga na kare, kuma da guminta ta same shi. Masana sun tabbatar cewa kyanwar gida daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ta samo asali, kuma rumbu ne ya haɗa ta da mutum: manomi ya tara hatsi, ɓera ya biyo hatsi, kyanwa ta biyo ɓera. A shekarar 2004 aka ba da labarin wani kabari da aka tono a tsibirin Kubrus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka sami mutum da kyanwa an binne su kusa da juna. A ƙasa irin tamu, inda damina ɗaya ce gajeriya, kuma geron da aka girbe a watan Satumba ko Oktoba shi za a ci har wata kakar, mai gadin rumbu ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Har wa yau akwai maganar lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a shekarar 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, kuma cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na kauce masa har da ajiye hatsi a mazubin da ɓera ba ya hudawa da kuma kiwon kyanwa. Saboda haka wanda ya bar kare ya kashe masa kyanwa, ko ya kore ta daga gida, ya buɗe ƙofa ga ɓarawon da ke shigowa kowane dare, don gudun wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Ba zai yiwu a yi wannan magana a Daura ba tare da an taɓo addini ba, ko da yake hukunci na malamai ne, ni ɗalibi ne kawai. Game da kyanwa babu wata jayayya. Hadisi ya nuna ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu, kuma kowane yaron makarantar allo ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma, Abu Huraira, daga 'yar kyanwarsa ya sami laƙabinsa. Zancen kare ne ke da tsawo. A mazhabar Imam Malik, wadda muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne na ibada. Amma an hana ajiye shi haka kawai, sai don farauta ko kiwo ko gadin shuka, wanda ya ajiye shi ba bisa irin wannan dalili ba kuwa ladansa na raguwa kullum. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya hana ajiye kare a gidajen cikin gari. To, sai dai masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa shi kansa mawallafin, wanda ya rasu a shekarar 996, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, sai ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Malik kuwa sai ya ba da amsar cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Daga nan ne malamai da yawa suka yarda da karen gadi idan akwai lalura. Abin da na fahimta a nan shi ne, kare ma'aikaci ne da aka ɗauka saboda bukata, wurinsa waje, ba ɗakin kwana ko wurin salla ba, kuma wanda ya ɗauke shi ya ɗauki nauyin cinsa da shansa. Wanda ya ajiye shi don a ce wane yana da karen Turawa, sai ya je ya tambayi malaminsa matsayinsa.

Iyayenmu sun warware wannan matsala tun da daɗewa, kuma da gini suka warware ta. Gidan gargajiya yana da zaure, da farfajiya, da shigifa, sa'an nan cikin gida. Kare, in akwai shi, a ƙofar gida yake kwana, ko a garke wurin dabbobi, ko ya bi maigida gona. Kyanwa kuwa tana ciki wurin mata, tsakanin madafa da rumbu, ga katangar ƙasa da danga da rufin ɗaki, duk inda ta ga dama ta haye. Ba safai hanyarsu ke haɗuwa ba, in ma ta haɗu kowa ya san iyakarsa. Gidan ma'aikacin yau kuwa, ko kwatas ne ko nasa na kansa, ɗaki ne a tsakiya, katangar bulo mai santsi ta kewaye shi, an kafa mata kwalabe ko waya a sama, ƙofa ɗaya ta ƙarfe, tsakar gida an shafe ta da siminti. Mun zuba kare da kyanwa da kaji da yara cikin akwati guda, mun toshe wa kyanwar hanyar gudu, sa'an nan muna mamakin abin da ya biyo baya.

Shin gabar kare da kyanwa a jini take, ba ta da magani? Haka muka taso muna ji, amma bincike bai goyi bayan wannan ba. A shekarar 2008 wasu masana biyu na Jami'ar Tel Abib suka buga sakamakon nazarin da suka yi a gidajen da ake kiwon dabbobin biyu tare. Sun tarar cewa a wajen kashi biyu cikin uku na gidajen zaman lafiya ake yi har da wasa, a wajen kashi ɗaya cikin huɗu kowa harkarsa yake yi, faɗa kuwa a kimanin gida ɗaya cikin goma ne kawai. Sun kuma gano cewa an fi dacewa idan kyanwa ce ta riga zuwa gidan, kuma aka haɗa su tun suna ƙanana, kyanwa ba ta kai wata shida ba, kare bai kai shekara ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa a nazarin shi ne batun harshe. Kare idan ya kaɗa wutsiya galibi murna yake yi, kyanwa kuwa idan ta kaɗa tata ranta ne ya ɓaci. Kare idan ya kwanta rigingine ya miƙa wuya ke nan, kyanwa kuwa takan yi haka ne don ta sami damar yin amfani da faratanta duka. Ashe wani ɓangare na rikicin rashin tafinta ne, kuma waɗanda suka tashi tare sukan koyi yaren juna.

To, wane irin kare za a zaɓa? Ɗalibanmu masu leƙa intanet za su tarar da jerin sunaye da Turawa suka tsara, su ce Labrado da danginsa masu sanyin hali sun fi zama da kyanwa, su ce a guji ƙananan karnukan da aka ƙirƙiro don kashe ɓera da dogayen nan masu tsere. A ƙasarsu shawarar tana da ma'ana, amma an rubuta ta ne domin mutumin da karensa ke kwana a kan kujerar falo, yana cin abincin gwangwani, ga likitan dabbobi a bakin titi. Waɗanda attajiranmu da manyan ma'aikata suke rububi kuma wasu ne daban: Alseshan, watau karen Jamus da muka fi sani da karen 'yan sanda, da Rotwaila, da Burbul na Afirka ta Kudu, har da wani mai gashi buzu-buzu wanda asalinsa daga duwatsun Kokasas masu ƙanƙara ne. A kawo irin wannan Daura, inda zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, a ɗaure shi a kan siminti, wannan zalunci ne tun kafin a zo maganar kyanwa. Ga kaska da cututtukan jini da take ɗauke da su, waɗanda suka fi kayar da baƙin karnuka. Ga ci, domin wasunsu nauyinsu ya kai na babban mutum, kuma ragowar tuwon gida ba ta riƙe su. Daɗin daɗawa, irin waɗannan karnuka horo suke bukata na yau da kullum daga wanda ya san aikin, ma'aikacin da zai fita tun da safe ya komo da la'asar kuwa ba shi da wannan lokaci. Ban ce Alseshan ba ya zama da kyanwa ba, yana zama in an raine shi da ita. Abin da na ce shi ne, kuskuren ƙaramin kare yakushi ne da ɗan rauni, kuskuren babba kuwa gawa ce.

Ra'ayina shi ne karenmu na gida ya fi dacewa da mu, ɗan madaidaici mai gajeren gashi, wanda kakanninsa suka saba da zafinmu da ƙurarmu da abincinmu. Amma a nan ma akwai tarko, kuma shi ne wanda mutane suka fi faɗawa. Idan aka ce ana neman kare nagari, sai kowa ya nuna gidan mafarauta, tun da yake su ne suka san kare, su ne kuma suke da masu ƙarfi da gudu. Gaskiya ne karen bana shi ke maganin zomon bana, amma kai ba zomo ne ya dame ka ba. Karen farauta an zaɓi uwarsa da ubansa ne saboda ba su ganin ƙaramin abu mai gashi yana gudu su ƙyale shi, an kuma horar da shi a kan zomo da gafiya da kurege, har da muzurun daji. A idon irin wannan kare kyanwarka nama ce, haka kajinka da zabinka da 'yan awakinka. Haka nan dogon karen nan siriri na Buzaye, wanda Turawa suka sa wa suna Azawak saboda kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali, kyakkyawa ne, yana da gadi, kuma ba shi da wuyar samu ga mu da muke bakin iyaka, amma da ido yake farauta, abin da ya gifta a guje shi yake bi. Wanda za ka nema shi ne ɗan karyar da ke zaune a gidan manomi ko a rugar Fulani, wadda ka gani da idonka kaji suna kiwo a gabanta, 'yan raguna suna tsallake ta, ba ta ko ɗaga kai ba.

Kuma ka ɗauko shi yana kwikwiyo. Wannan ya fi kowane sharaɗi muhimmanci, kuma shi ne maƙwabcina ya karya. Wasu masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin tasowar karnuka, suka buga sakamakonsu a 1965, inda suka nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa mako 12 na rayuwarsa ne kwikwiyo yake koyon su wane ne nasa. Abin da ya saba da shi a wannan tsakani ɗan gida ne har abada, abin da bai sani ba kuwa zai riƙa yi masa kallon baƙo ko abin farauta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka a bar shi ya sha nonon uwarsa har wajen mako takwas, sa'an nan a ɗauko shi. Idan ka je zaɓe kada ka ɗauki wanda ya fi zaƙewa yana danne 'yan'uwansa, kada kuma ka ɗauki wanda ya maƙale a lungu yana rawar jiki, domin matsoracin kare shi ne mai cizon ba-zata. Babban karen da ba ka san tarihinsa ba kuwa, wanda aka ce maka mai shi ne zai yi tafiya shi ya sa yake sayarwa, ka tuna cewa tsintacciyar mage ba ta mage, balle tsintaccen kare. In ya zama dole sai babba, to a gwada shi yana ɗaure da igiya a nuna masa kyanwa daga nesa. Wanda ya dube ta ya kau da kai, ya amsa kiranka, akwai fata. Wanda ya ƙura mata ido, jikinsa ya sandare, ya lafe yana sanɗa ba haushi, kana kira ba ya ji, mayar da shi inda ka samo shi.

Ranar da kwikwiyo ya iso gida ba ranar gaisuwa ba ce. A keɓe shi a wurinsa na 'yan kwanaki, a goga masa tsumma a ajiye inda kyanwa take kwana, a goga mata wani a ajiye masa, su san warin juna kafin su ga juna. Sa'an nan a fito da shi da igiya a hannun babba, ba yaro ba, a bar kyanwa ta matso don kanta ko ta ƙi. Kada a kama ta a kai ta gabansa, kada kuma a bari ya bi ta da gudu ko sau ɗaya, ko da wasa ne, domin daɗin bin nan in ya ɗanɗana shi da wuya ya manta. Yara su ne manyan masu ɓata wannan tarbiyya, su ne masu cewa "kama ta" don su yi dariya, saboda haka a ja musu kunne tun da wuri. A sama wa kyanwa wurin hawa inda kare ba ya kaiwa, ko benci ne ko tarin bulo a jikin katanga, a kuma raba musu kaskon abinci, nata a sama, nasa a ƙasa, nesa da juna. Kada a ɗauka kyanwa ce kaɗai ke cikin haɗari. Babbar kyanwa ba kyanwar Lami ba ce, da farce ɗaya tana iya tsiyaye wa kwikwiyo ido, musamman in tana da 'ya'ya. Sai an yi makonni ana lura da su kafin a bar su su biyu ba kowa. Kuma kare mai yunwa, ko wanda ya wuni a ɗaure cikin rana ba ruwa, babu tarbiyyar da za ta zauna masa.

Akwai abu guda da ya fi ran kyanwa da buhun gero nauyi, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu kuma ta hanyar cizon kare, sa'an nan kimanin huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi addu'a. Abin takaici kuwa shi ne rigakafinta ya daɗe a duniya, tun shekarar 1885 da Louis Pasteur ya ceci wani yaro da allurarsa a Faransa, kuma a nan gida Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana sarrafa allurar karnuka. Kwikwiyo yana wata uku ake yi masa, a kuma maimaita kowace shekara. Kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma yaɗawa, ita da take hawa shimfiɗar yara, don haka ranar da aka kai kare asibitin dabbobi a tafi da ita. Wanda kare ya ciza ko kyanwa ta yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko gashin karen da ya yi cizon. Dabbar kuma kada a kashe ta a jefar, a tsare ta kwana 10 malamin dabbobi yana duba ta, domin halin da ta shiga shi zai nuna wa likita abin da ake ciki.

A nan ne maganar ta tashi daga kan magidanci ta koma kan hukuma. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa, kuma ƙasashen duniya sun sa wa kansu shekarar 2030 a matsayin lokacin da za a daina mutuwa da ita ta hanyar cizon kare. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce, Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, kuma kowace tana da sashen aikin gona da ma'aikatan dabbobi. Me zai hana su haɗa kai su keɓe mako guda kowace shekara, a ce makon 28 ga Satumba, ranar da duniya ke tunawa da wannan cuta, a bi gunduma-gunduma ana yi wa karnuka da kyanwoyi allura kyauta ko a kan ɗan abin da talaka zai iya? Hakimai da dagatai da masu unguwanni sun san gidan da ke da kare, sarakunan baka sun san mafarautansu ɗaya bayan ɗaya, kuma irin wannan hanya ce aka bi aka ci nasarar rigakafin shan inna. Kasuwar Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi tana tara masu dabbobi daga ɓangarorin iyaka biyu, kuma kare bai san shingen Kongolam ba, saboda haka tebur ɗaya na malamin dabbobi a bakin kara zai yi aikin da ofis ba zai yi a wata guda ba. Tun da yake Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo a shekarar 2024, akwai ƙofar da shugabannin ƙananan hukumominmu za su ƙwanƙwasa su nemi allurar. Za a ce babu kuɗi. Amma allurar kare guda ba ta kama ƙafar kuɗin jerin alluran da ake yi wa mutum ɗaya da aka ciza ba, kuma waɗannan ɗin iyayen yaro ne suke biya, in ma an same su a kusa.

Shi dai maƙwabcina daga baya ya haƙura, ya ba wani mai gidan gona Sarki kyauta, ya ɗauki asarar kuɗinsa. Bayan kaka uwargidansa ta samo 'yar kyanwa daga gidan ƙanwarta, aka bar ta ta yi wata biyu ta san gida, sa'an nan ya je wani ƙauye a ƙasar Sandamu ya karɓo jan kwikwiyo a hannun wani manomi, ya ba da goro. Ya gina masa ɗan ɗaki mai inuwa a bakin ƙofa, ya kuma tara bulo huɗu a gindin katangar madafa domin kyanwar. Ran nan da na shiga gaishe shi na tarar da su biyun a inuwar darbejiya, tsakaninsu bai fi taku uku ba, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Katin allurarsu kuwa yana rataye a ƙusa ɗaya da kalandar ofis, an zagaye ranar komawa da jan biro.